Da Wane Ma'auni Za a Auna Kundin da Masoyi Ya Rubuta a Kan Darakta?

Hedimasta:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawararku a kan wani aiki da ɗan ƙanena ya kawo mini. Yaron ya gama sakandare, yana taya mahaifinsa aikin gona a ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim, kuma tun yana ƙarami Allah ya sa masa son tarihin fina-finan Hausa. Ya zauna ya tattara duk abin da ya iya samu a kan marigayi Alhaji Adamu Halilu, daraktan fim ɗin Shaihu Umar, ya rubuta kundi da hannunsa, ya kai wa masu kwamfuta a cikin gari suka buga masa, yanzu kuma yana so a yi kwafi da yawa a raba wa makarantu da abokai. Kundin kashi uku ne: rayuwar mutumin, jerin fina-finansa, sai yabo da kirarin da ya tsara masa. Na tura hotunan shafukan ga waɗanda suka nema. Hausarsa mai tsabta ce, kuma duk wanda ya karanta zai gane cewa da zuciya ɗaya ya yi aikin. Sai dai hankalina bai kwanta da in sa hannu in ce a buga ba, domin abin da ya shiga hannun ɗalibai ya zama karatu, kuma abin da yaro ya haddace a takarda yana da wuyar cirewa daga kansa. Ina so mu duba shi da idon basira, mu faɗi abin da ya yi kyau da abin da bai yi ba, kuma mu faɗi dalili.

Tela:
Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe Hedimasta. Ni na karanta shi daga farko har ƙarshe, kuma a ganina a buga shi kawai. A wannan zamani da samari ke kwana a majalisa suna musun ƙwallon Turai, a sami yaron ƙauye da zai kashe kuɗin ƙwadagonsa wajen buga tarihin wani bawan Allah da ya rasu tun kafin a haife shi, ai wannan abin a jinjina masa ne. A zagaya ƙauyukanmu a tambaya, mutum nawa ne suka taɓa jin sunan Adamu Halilu? Idan kundin bai yi komai ba face sanar da mutane sunan, ya biya. Ina jin tsoron kada mu tsananta bincike mu kashe wa yaron gwiwa, ya ajiye alƙalami har abada.

Malamar Hausa:
Malam Tela, ina tare da kai wajen yaba ƙoƙarin yaron, amma gyara ba kashe gwiwa ba ne, kuma akwai abin da ba zai yiwu a bari ya wuce ba. A kashi na biyu ya rubuta cewa Adamu Halilu ne ya ƙirƙiro labarin Shaihu Umar, har ya yi dogon bayani a kan yadda basirarsa ta haifi Makau da Abdulkarim da mahaifiyar Umar wadda ta bi sawun ɗanta har ƙetaren sahara. Duk ɗalibin da ya yi Hausa a sakandare ya san cewa labarin na Abubakar Tafawa Ɓalewa ne. Ya rubuta shi ne domin gasar ƙagaggun labarai ta 1933 wadda Rupert East ya shirya daga Zariya, gasar da ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. An kashe Tafawa Ɓalewa a watan Janairu na 1966, fim ɗin kuwa na 1976 ne, wato shekara 10 bayan rasuwar mai labarin. A tsakani kuma akwai wani mataki da kundin bai ambata ba ko kaɗan: Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mayar da littafin wasan kwaikwayo, aka buga shi a 1975, kuma shi Umaru Ladan ɗin ne ya fito a matsayin Shaihu a cikin fim ɗin.

Dalilin da ya sa na tsaya a nan shi ne, wannan kuskure ya taɓa ginshiƙin kundin gaba ɗaya. Wanda zai yi rubutu a kan darakta dole ne ya san inda aikin darakta ya fara da inda ya tsaya. Idan aka cire labarin aka ba marubucinsa, aka cire maganganun aka ba waɗanda suka tsara wasan, abin da ya rage shi ne na darakta: wanda ya zaɓa ya hau kowane matsayi, garin da ya kai 'yan wasa, inda ya girke na'urar ɗaukar hoto, abin da ya bari mu gani da abin da ya ɓoye, wurin da ya tsawaita da wurin da ya gaggauta. A littafi, jimla ɗaya ta isa a ce ayari ya ratsa sahara. A fim kuwa sai wani ya yanke shawarar raƙuma nawa za a gani, daga nesa ko daga kusa, da hantsi ko da yamma. A nan ne gwanintar mutumin take, kuma na duba shafukan duka ban ga jimla ɗaya da ta yi magana a kan irin wannan ba. Yaron ya yabi Halilu da abin da ba nasa ba, ya kuma yi shiru a kan abin da yake nasa. Shekarun haihuwa da rasuwa da ya kawo, 1936 da 2001, sun yi daidai da abin da na sani, kuma wannan na yaba masa.

Ɗalibin Dutse:
Malama ta riga ni, Allah ya ƙara basira. Zan ƙara wani wuri mai kama da wannan. A shafin farko, ƙarƙashin sunan mutumin, an rubuta da manyan baƙaƙe cewa shi ne uban Kannywood, a ciki kuma an ce Shaihu Umar ne fim ɗin farko na masana'antar. Wannan haɗa abu biyu ne da asalinsu ya bambanta. Halilu ya fito ne daga sashen fina-finai na gwamnati, inda ake ɗaukar hoto a kan zaren fim irin na sinima, da kuɗin hukuma da ma'aikata masu albashi. Fim ɗinsa na 1963, Mama Learns a Lesson, na wayar da kai ne da aka yi a zamanin gwamnatin Jihar Arewa. Shaihu Umar ma gwamnatin tarayya ce ta ɗauki nauyinsa, kuma an nuna shi a FESTAC, bikin al'adun Afirka da baƙar fata na duniya, na 1977 a Legas. Masana'antar fim ta Kano kuwa daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo ta taso, matasa masu kyamarar bidiyo da ke sayar da kaset a kasuwa su mayar da kuɗinsu. Fim ɗin da manazarta ke ƙirgawa a matsayin mafarinta shi ne Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa, wanda Salisu Galadanci ya ba da umarni, ya fito a 1990. Sunan Kannywood kansa a 1999 ya bayyana a mujallar Tauraruwa ta Sunusi Shehu Daneji. Za a iya cewa Halilu ya riga su nuna cewa dogon fim da Hausa mai yiwuwa ne, kuma wannan ba ƙaramin yabo ba ne, amma a ce shi ya kafa masana'antar, an tauye haƙƙin waɗanda suka kafa ta.

Abu na biyu da ya dame ni shi ne rashin madogara. A jerin fina-finan akwai sunaye da shekaru, amma babu inda aka ce daga wane littafi ko mujalla ko bakin wane mutum aka samo su. Akwai ma sakin layi biyu da salonsu ya sha bamban da sauran rubutun, da alama daga waya aka kwafo su kai tsaye. Mai karatu ba shi da hanyar da zai bi ya tabbatar, kuma idan ya kama kuskure ɗaya, sai ya fara zargin har abin da yake gaskiya. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kan tarihin fim ɗin Hausa, mujallar Fim kuma ta fara fitowa tun 1999. Wanda ya ce daga can ya ɗauko, ya ba mu igiyar da za mu bi.

Mai Gidan Kallo:
Ni ba ɗan boko ba ne sosai, amma na daɗe ina wannan sana'a a ƙasar Kazaure, tun zamanin kaset har zuwa faifai, har yanzu da yara ke zuwa da waya a tura musu fim a memori. Abin da na sani shi ne, mai kallo a ƙauye bai san darakta ba. Jarumi ya sani, sai mawaƙi. Da zarar an gama fim, sunaye sun fara hawa allo, benci ya riga ya zama wayam, ni kuma na riga na kai hannu zan kashe janareta saboda mai. A zamanin kaset, sunan darakta yana can ƙasan kwali da ƙananan baƙaƙe, hoton jaruma ya cinye gaba. Na sha ganin samari suna rantsuwa cewa jarumi kaza ne ya yi fim kaza, alhali fitowa kawai ya yi a ciki. Kwalayen nan yawancinsu gara ta cinye, kasakasan kuma zafi da ƙura sun lalata su, don haka idan musu ya tashi babu abin da za a ɗauko a raba gardama.

Shi ya sa a wurina, abin da ya fi komai amfani a irin wannan kundi shi ne jerin nan na kashi na biyu, idan an yi shi da kyau: sunan fim, shekararsa, wa ya rubuta, wa ya zuba kuɗi, wa ya ba da umarni, wa ya ɗauki hoto, su wa suka fito. Idan wannan ya inganta, ni da kaina zan liƙa shi a bangon gidan kallo. Yabo kowa zai iya yi, amma jeri ingantacce sai wanda ya sha wahalar nema. Sannan ina da tambaya ɗaya ga Hedimasta, kuma ba da wata manufa nake yin ta ba. Yaron ya rubuta cewa ba a taɓa yin fim ɗin Hausa da ya kai Shaihu Umar kyau ba. Shin ya kalli fim ɗin?

Hedimasta:
Na tambaye shi wannan tun ranar da ya kawo mini kundin. Bai kalle shi ba. Ya karanta littafin Tafawa Ɓalewa a makaranta, ya ga wasu hotuna daga fim ɗin a waya, sauran kuma daga bakin kakansa na wajen uwa ya ji, wanda ya ce ya kalli fina-finan mutumin a majigi. Babu ko ɗaya daga cikin wannan bayani da ya shiga kundin.

Tela:
To ai sai a yi masa uzuri. A ina zai gan shi? Ni kaina na haura hamsin ban taɓa ganin kaset ɗinsa a kasuwa ba. Idan sharaɗin rubutu a kan mutum shi ne sai an kalli aikinsa, kuma aikin ba ya samuwa, ke nan mun yanke hukuncin a manta da shi. Malamanmu na tarihi suna ba da labarin Kanta na Kabi, wanda shi ma Halilu ya yi fim a kansa, kuma babu wanda ya gan shi da idonsa.

Baba Alhaji:
'Ya'yana, bari in sa baki a kan zancen majigi, tun da ni na gan shi da idona. Jikana ne ke rubuta mini abin da nake faɗa. A lokacin muna yara, idan motar majigi za ta zo, tun da rana ake yin shela, kafin magariba gari ya cika har da mutanen rugage da ƙauyukan kewaye. A ƙofar gidan dagaci ake kafa farin ƙyalle, a tayar da injin wuta da ke cikin motar, yara mu zauna a ƙasa a gaba, manya a kan tabarmi, mata a tsaye daga baya. Akwai wani ma'aikaci da ke riƙe da lasifika yana bayani da Hausa a kan abin da ake gani. Ana nuna mana yadda ake noman gyaɗa da auduga, da tsabtar rijiya, da lamba, da rangadin Sardauna. Har yau ina iya tuna ƙwarin da ke yawo a cikin hasken da ke fitowa daga na'urar, da yadda iska ke kaɗa ƙyallen har fuskar mutum ta lanƙwashe.

Amma ga gaskiyar magana: a cikinmu babu wanda ya san wanda ya yi waɗannan hotuna. Ba a faɗa mana ba, mu ma ba mu tambaya ba, da yawanmu ma ba mu iya karatun boko ba a lokacin. Saboda haka idan tsoho sa'ana ya ce ya kalli majigi, ku yarda da shi, ku rubuta abin da ya gani da kyau, domin mu da muka gani muna ƙarewa. Idan kuma ya ce fim ɗin wane ne ya gani, to ku tambaye shi yadda aka yi ya sani. Mai yiwuwa jikan ne ya fara ambata masa sunan, shi kuma ya amsa don ya faranta masa. Maganar kakan nan dukiya ce, amma a ajiye ta a mazauninta, a ce wane ya ce ya ga kaza a gari kaza, kada a narkar da ita cikin sauran bayani har a kasa gane daga ina ta fito.

Ɗalibin Dutse:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Malam Tela, uzurinka yana da tushe, kuma tushen nan shi kansa labari ne da ya kamata ya shiga kundin. Shekaru da dama ana ɗaukar fim ɗin Shaihu Umar a matsayin wanda ya ɓace. A 2016 ne aka gano zarurrukansa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wata cibiya a Jamus mai suna Arsenal ta gyara shi ta mayar da shi na zamani, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Tsawonsa minti 142 ne. Ke nan fim ɗin yana nan, bai mutu ba, sai dai bai iso mana ƙauye ba. Masoyi na haƙiƙa zai ba mai karatu wannan labari, ya kuma yi tambayar da ta dace: ta yaya fim ɗin da aka yi da Hausa, daga littafin Firayim Ministan ƙasa na farko, Turawa suka kalle shi a gyare alhali mutanen Ringim da Gumel da Haɗeja ba su taɓa ganinsa ba? Wannan shafi ɗaya da zai fi shafukan yabon nan duka tasiri.

Misalin Kanta kuma bai zo daidai ba. Malamin tarihi ba ya cewa ya ga Kanta, yana cewa ne an ruwaito. Yaron kuwa ya yanke hukunci a kan kyan fim, hukuncin da ido ne kaɗai ke iya yankewa, kuma ya rubuta shi da muryar wanda ya zauna ya kalla.

Malamar Hausa:
Wannan shi ne ainihin wurin. Ba na cewa haramun ne ya yi rubutu kafin ya kalla. Ina cewa ne ya raba wa mai karatu abu uku a fili: abin da ya gani da idonsa, abin da ya karanta da inda ya karanta shi, da abin da ya ji da wanda ya faɗa masa. Idan ya buɗe kundin da cewa bai sami ganin fim ɗin ba tukuna, darajarsa za ta ƙaru a idona, domin zan san cewa duk inda ya ce ya tabbata, to ya tabbata.

Akwai kuma zancen hotuna. Hoton da ke bangon kundin, na wani dattijo da babbar riga da hula, an rubuta sunan daraktan a ƙasansa, amma ba a faɗi inda aka samo shi ba. Hotunan da ke yawo a waya sau da yawa da sunan da ba nasu ba suke yawo. Mutumin nan ya rasu, yana da iyali da dangi, kuma ba ƙaramin ciwo ba ne a liƙa sunan mahaifin wani a fuskar da ba tasa ba. Haka nan akwai wani sakin layi a kashi na farko da ya kutsa cikin sha'anin gidansa ba tare da wata hujja ba, kuma ba shi da alaƙa da aikinsa na fim. A cire shi gaba ɗaya. Game da kashi na uku kuwa, ra'ayina shi ne a ajiye kirarin a gefe, domin kundin tarihi daban, fagen zuga daban, kuma ɗalibi zai iya ɗaukar zuga a matsayin bayani.

Baba Alhaji:
'Yata, a nan kam ban bi ki ba. Kirari ba ƙarya ba ne, kuma ba kowace magana mai daɗi ce kirari ba. Maroƙin da ya san aikinsa, idan ya tsaya gaban basarake, yana kiran sunan ubansa da kakansa, da garin da suka riƙe, da abin da suka aikata, kuma dattawan da ke wurin suna saurare, idan ya kauce za su gyara masa. Wanda bai san asalin mutum ba shi ne ke cika baki da giwa da zaki, kalmomin da za a iya jefa wa kowa. An karanta mini kirarin yaron nan, kuma aibinsa shi ne, idan aka cire sunan Halilu aka sa na wani attajiri ko ɗan siyasa, babu abin da zai canja. Kada a cire kirarin, a sa shi ya sake shi bayan ya san mutumin. Ya ambaci sahara da ayari, ya ambaci hasken majigi a ƙofar dagaci, ya ambaci zaren fim da ya kwana shekaru a ma'ajiya ya tashi. Mu Hausawa da kirari muke riƙe sunan mutanenmu, kuma yaran ƙauye za su haddace baiti kafin su haddace shekara.

Malamar Hausa:
Na karɓi wannan, Baba, da sharaɗin a sa shi a ƙarshe da kan magana da ke nuna cewa kirari ne, kuma kada wata da'awa ta shiga cikinsa wadda kashi na farko da na biyu ba su tabbatar ba. Uban Kannywood ɗin nan ma yana cikin baitocin, sai a fitar da shi daga can.

Tela:
Har yanzu ina da saura. Duk waɗannan sharuɗɗa na jami'a ne, yaron kuwa ba digiri yake nema ba. Masoyi ne, kuma rubutun masoyi da zafin zuciyarsa ake gane shi. Idan aka tace shi har ya zama kamar takardar jarrabawa, wa zai karanta? Ni abin da ya riƙe ni har ƙarshe shi ne jin cewa marubucin yana ƙaunar wanda yake magana a kansa.

Mai Gidan Kallo:
Malam Tela, babu wanda ya ce a cire ƙaunar. Ina da wani yaro da ke zuwa wurina, idan yana ba da labarin fim ɗin da yake so, zai gaya maka daidai wurin da jaruma ta juya baya, da abin da ke hannunta, da yadda sauti ya ɗauke kafin a yi magana. Shi ne na san yana son fim, domin ya kalla har ya ga abin da saura ba su gani ba. Wanda zai ce maka fim ɗin ya haɗu kawai, ya yi shiru, ban san ko ya kalla ba. Son da ya sa yaron Hedimasta ya kashe kuɗinsa, shi ya kamata ya kai shi inda fim ɗin yake.

Mai Kundin:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Baffa ya ba ni izinin in yi magana, kuma na karanta duk abin da aka rubuta. Na gode, Allah ya saka da alheri. Abin da ya sa na fara wannan aiki shi ne, ranar da malaminmu ya gaya mana a aji cewa an taɓa mayar da littafin da muke karantawa fim, na tambayi duk wanda na sani, ban sami mutum ɗaya da ya san wanda ya yi shi ba, abin ya tsaya mini a rai. Zan gyara zancen marubucin labarin da zancen Kannywood, zan cire sakin layin da Malama ta nuna, hoton bango kuma zan sauke shi har sai na sami wanda ya san mutumin ya tabbatar mini. Zan koma wurin kakana da takarda in rubuta maganarsa yadda ya faɗe ta, kuma ina roƙon Baba Alhaji ya yarda in zo in ji tasa.

Akwai wuri ɗaya da nake neman a yi mini haƙuri. Jimlar da na ce fim ɗin ya fi kowanne zan cire ta, amma ina so in bar wata a madadinta, cewa a ganina mutumin da ya ɗauki labarin bauta da rabuwar uwa da ɗa ya yi dogon fim da shi cikin Hausa a 1976 ya cancanci a san shi a kowane ƙauye. Wannan ra'ayina ne, kuma zan rubuta cewa nawa ne. Tambayata ita ce, ta wace hanya mutum irina zai kai ga kallon fim ɗin?

Ɗalibin Dutse:
Wannan jimla ba ta da aibi, ƙanena, domin ta tsaya a kan abin da ka sani. Game da kallo, hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Najeriya tana Jos, hukumar da aka kafa a 1979 wadda shi Halilu ya taɓa shugabanta, kuma a can makarantar koyon aikin fim ta ƙasa take. Sai mu rubuta musu wasiƙa da sa hannun Hedimasta mu nemi bayani a kan yadda makaranta ko ƙungiya za ta iya samun a nuna mata fim ɗin. Ni kuma zan tuntuɓi malamanmu na sashen Hausa in ji ko akwai wanda ya kalle shi, ko yake da hoton daraktan da aka tabbatar. Ka turo mini jerin fina-finan tun yanzu, mu bi su ɗaya bayan ɗaya, wanda muka samo masa madogara ya zauna, wanda ba mu samo ba a cire shi.

Mai Gidan Kallo:
Idan Allah ya sa aka samu ta hanyar da ta halatta, allona da janaretana da bencina suna nan, ba zan karɓi ko sisi ba. Sai dai a sa ranar bayan an gama girbi, domin yanzu da an yi isha'i kowa ya gaji, kuma fim ɗin ya haura awa biyu.

Hedimasta:
To, za a dakatar da bugawa. Zan rubuta wasiƙar Jos a wannan mako in turo ta nan a duba kafin a aika. Malama, zan sa ya kawo miki kashi na farko idan ya sake shi, ke kuma ki bi shi da jan biro kamar yadda kike yi wa ɗalibanki. Malam Tela, kai ne za ka karanta na ƙarshe, ka gaya mana ko har yanzu yana riƙe mai karatu kamar yadda na farkon ya riƙe ka.